Kafin Ka Ƙirga Wa Dillali Kuɗin Mota

Ɗana, na ji labari ka ɗan tara abin da ka tara, adashe ya zo kanka, kuma yanzu kullum da yamma kana zagaya wuraren masu sayar da motoci kana leƙen gilashi. Allah Ya sanya alheri. Ban ga laifinka ba ko kaɗan, domin duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi da tsakar rana, ga mace da tsohon ciki ga yara uku, yana ɗaga wa A Daidaita Sahu hannu suna wucewa, ko wanda ya taɓa fita ƙarfe biyun dare yana buga ƙofar maƙwabci saboda jikin yaro ya yi zafi, ya san motar gida ba alatu ba ce. Niyyarka mai kyau ce. Abin da nake ji maka tsoro shi ne ranar da za ka tsaya a gaban motocin nan an wanke su suna ƙyalli, domin a ranar mutum yakan manta abin da ya fito da shi daga gida.

Na taɓa mantawa, shi ya sa nake faɗa maka. Shekarun baya na fita da niyyar sayen ƙaramar mota ta kai yara makaranta, na dawo gida da wata ƙatuwar jif mai silinda shida, saboda dillali ya ce mini irin ta manya ce, ni kuma a lokacin zuciyata tana son a ce mini babba. Ranar da na shigo da ita layinmu yara suka bi ta da gudu, maƙwabta suka fito ana ta addu'a, na raba goro da alewa. Wata takwas bayan haka tana ƙarƙashin darbejiya an lulluɓe ta da tamfol, kaji suna kwana a gindinta, ni kuma na koma hawan babur ɗina da na riga na yi wa kallon raini. Ba ta lalace ba. Ciyar da ita ne ya gagare ni.

Ka riƙe wannan kalma ta ciyarwa, domin mota baƙuwa ce da za ta tare a gidanka ta riƙa cin abinci tare da iyalinka, kuma kuɗin da ka ba dillali sadaki ne kawai. A da ana iya sakaci da wannan lissafi, lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta haura naira 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa naira 1,000. A wancan tsakani Dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500, kuma ka san duk wani ƙarfe da za a ɗaura wa motarka, daga fulogi har shokozoba, da Dala aka shigo da shi. To zauna da biro da takarda. Mota irin Corolla mai injin lita 1.8 takan sha kamar lita 8 a tafiyar kilomita 100, Sienna mai silinda shida kuwa kamar lita 12, a cikin gari da cunkoso da na'urar sanyi a kunne ma ta fi haka. Idan kana yin kilomita 40 a rana tsakanin makarantar yara da wurin aiki da kasuwa, a wata ka yi 1,200, bambancin motocin biyu ya kusa lita 50. Ka buga wannan da kuɗin lita, ka ajiye shi kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, sannan ka tambayi kanka daga wace tukunya za a riƙa ɗebo shi duk wata.

Ba ina hana ka babbar mota ba ne. Akwai gidan da ita ce daidai da shi. Mu da muka taso zamanin Fijo 504 doguwa, wadda ake haɗawa a kamfanin Kaduna da ya fara aiki a 1975, mun san daɗin motar da ke da layin kujeru uku, a zuba yara a can baya, a ɗaure buhun masara a sama a kama hanyar ƙauye. Sienna ce ta gaji wannan matsayi a yau. Tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas, ƙofarta zugewa ake yi, ba yaron da zai banka ta a jikin motar wani, kuma ko an cika kujerun akwai rami a baya da zai ci jakunkuna. Idan 'ya'yanka biyar ne kuma kullum tare ake fita da safe, ba ka da wata dabara, ita ko irinta za ka nema, ka shirya wa manta. Amma ka faɗa wa kanka gaskiya, sau nawa a shekara gidanka gaba ɗaya yake shiga mota lokaci guda? Da yawanmu idan muka ƙirga, Sallah ƙarama ce da Sallah babba da biki biyu ko uku. Sauran kwana ɗari uku da hamsin kai ne da yara biyu da jakunkunan makaranta, kana jan kujeru biyar da babu kowa a kai kana saya musu fetur. Wanda ya sayi ƙaramar mota, ranar tafiya gida Sallah ya je tasha ya ɗauki shatar wata, sau da yawa ya fi ka riba a ƙarshen shekara. Mai mata biyu da 'ya'ya goma sha kuwa, babu motar da za ta kwashe su sai bas, gara tun wuri ya saba da sawu biyu, ya kuma kula kada kullum ɗaki ɗaya ne ke shiga sawun farko.

Akwai kuma wani cin mai da ba ya cikin littafin kowace mota. Ranar da ka ajiye babbar mota a ƙofar gida, ta zama ta unguwa. Ita za ta kai amarya, ita za ta kai masu gaisuwar mutuwa Gumel ko Funtuwa, ita za a buga wa ƙofa idan naƙuda ta tashi. Wannan lada ne, kuma ban ce ka guje shi ba, wanda Allah Ya ba abin hawa ya hana maƙwabcinsa a daren larura bai gode ba. Sai dai ka san da shi tun yanzu, ka sa shi a lissafi, don kada alherin da ka fara da fara'a ya koma kana ɓuya idan ka ji sallama.

Abin da ba zan yi maka sassauci a kansa ba shi ne lodin yara. Yawan bel ɗin da ke cikin mota shi ne yawan mutanen da aka yi ta dominsu. Na sha ganin uba a hanyar Kano zuwa Zariya yana gudu, yara huɗu a but an ɗage murfi, jariri a cinyar uwarsa a gidan gaba, kuma jakar iskar nan da ke fashewa idan an yi karo an yi ta ne don ƙirjin babba, yaro kuwa tana iya hallaka shi. Idan kuɗinka bai kai motar da za ta zaunar da kowa a kujerarsa ba, ka rage masu tafiya. Ka kuma yi hattara da jif masu layi na uku na ganin ido, irin wanda babba ba zai zauna ba sai gwiwarsa ta taɓa haɓarsa, kuma da zarar an ɗaga shi but ya ƙare, ko kular abinci ba ta da wurin zama.

Sai maganar jin daɗi, inda ido ya fi yaudarar mutum. Kujerar fata tana da kyau a wurin dillali, amma ka bar ta a rana a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, ka ga ko yaro mai gajeren wando zai iya zama. Rufin gilashi da manyan kambuna masu siririyar taya an yi su ne don titunan da ba namu ba, ramin farko a damina zai gaya maka haka. Jin daɗin iyali yana wurin da ba a ɗaukar hoto: sanyin da yake isa gidan baya ba ya tsaya a fuskar direba kaɗai ba, ƙafar mota mai laushi da ba ta jijjiga mai ciki, tsayin da zai haye kwatar layinku ba tare da ƙasanta ya daki dutse ba. Kuma ka tuna da Hajiya mahaifiyarka. Ni sai da na sayi jif ɗin nan na lura mahaifiyata, da ciwon gwiwarta, ba ta iya hawa sai an ajiye mata kujera 'yar tsugunno an riƙe ta, har ta kai ta ce a bar ta ta bi motar ƙanena. Na saya don a ga girmana, wadda ta haife ni ta kasa shiga.

Kafin ka tambayi mai sayarwa, ka tambayi bakanike. Ka je garejin da kake sa ran zai riƙa duba maka ita, ka ce masa wace mota ce idan ta kwana a nan gobe za ta tashi. Ka leƙa Ƙofar Ruwa idan a Kano kake, ko Panteka idan Kaduna ce, ka tambayi kuɗin fitilar gaba da famfon mai da shokozoba na motar da ke ranka. Ba banza ba ka ga Vibe ta cika titunanmu ko da yake kamfanin Pontiac ya rufe tun 2010: ita da Matrix 'yan gida ɗaya ne, injin yawancinsu irin na Corolla ne, kowane yaron gareji ya san cikinsa. Wata motar Turai kuwa za a ba ka ita da araha har ka yi mamaki, dalilin arahar yana nan yana jiran ka ranar da wata 'yar na'ura ta mutu aka ce sai an aiko daga Legas. Ko a cikin iri ɗaya akwai abin tambaya. Sienna ta 2004 zuwa 2006 injinta na lita 3.3 yana da bel ɗin taimin da ake canzawa, daga 2007 aka koma na 3.5 mai sarƙa, kuma mai ja da ƙafa huɗu ba ta zuwa da safaya, abin da bai kamata ka gano shi da dare a dajin Falgore ba. Idan kana tunanin mayar da ita mai amfani da gas, ka fara auna inda tukunyar za ta zauna, don but take cinyewa.

Ranar dubawa ka tafi da bakanikenka, ka biya shi da hannunka, ka kuma gaya masa a fili cewa ko an saya ko ba a saya ba kuɗinsa ɗaya ne, domin wanda ke jiran la'ada daga mai mota ba ya ganin yoyon baƙin mai. Ku je da sassafe inji bai yi zafi ba, a tayar a gabanku. A sa na'ura a karanta kwamfutarta. Ka ɗaga kafet ka shinshina, don akwai motocin da ambaliya ta shanye a Amurka aka busar aka yi musu fenti aka turo mana. Kada maleji ya ruɗe ka, ana juya shi baya, kuma na motar Amurka da mil yake ƙirga, kowane mil kilomita 1.6 ne. Takardun kwastam kuwa ka tabbatar lambar jikin mota, mai harafi da lamba 17, ita ce a rubuce a kansu. A farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, saboda haka idan an ce maka 'yar Kwatano ce mai sauƙin kuɗi, ka tambayi ta inda ta biyo, kada a sauke maka iyali a shingen bincike da rana tsaka.

Kuma don Allah kada ka ƙarar da aljihunka a wurin ciniki. Magabata sun ce kowa ya hau motar kwaɗayi zai sauka a tashar wulaƙanci, ni kuwa na ga masu sauka da idona: wanda ya taɓa jarin shagonsa, wanda ya cinye kuɗin makarantar zango mai zuwa, wanda ya ci bashi don ya cika ratar da ke tsakanin motar da yake iyawa da wadda abokinsa ke hawa. Idan abin da ke hannunka goma ne, nemi ta takwas ko tara. Ragowar ba ajiya ba ce, tana da masu jiran ta tun makon farko: juyen baƙin mai, batir, lamba, inshora wadda mafi ƙanƙantarta ta koma naira 15,000 tun 2023, da taya. Ka duƙa ka karanta lambobi huɗun nan da ke gefen kowace taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, za ka tarar wasu sun girmi ɗan autanka ko da zanensu bai goge ba, kuma a kansu za ka ɗora duk abin da ka mallaka a duniya ka hau kwalta mai zafi.

Saura abu ɗaya da ni ban yi ba a wancan karo. Kada ka yi wa uwargida bazata. Ita ta san yawan kayan da ake fita da su, ita za ta zauna a baya da mai shan nono, wataƙila ma ita za ta riƙa kai yara Islamiyya da ita idan kana kasuwa, ka ga kuwa dole ta iya juya ta a lungunku. Ka roƙi mai motar ya bari a kawo ta ƙofar gida ko na rabin awa ne. Kowa ya shiga ya zauna inda zai riƙa zama, a ɗaura bel, a sa kula da jakunkuna a but a rufe, a kunna sanyi ka tambayi na can baya ko yana isa gare shi. Sannan ka buɗe wa Hajiya ƙofa, ka koma gefe ka ga ko za ta iya shiga da kanta.