Wane Irin Haƙuri Muke Koya Wa 'Ya'yanmu?



Akwai kalmar da da wuya rana ta faɗi ba a furta ta sau goma a gidajenmu ba, wato "yi haƙuri". Yaro ya faɗi ya fasa baki, yi haƙuri. Yayansa ya ƙwace masa abin wasa, yi haƙuri ai babba ne. An saki uwarsa ta kwashe kayanta yana tsaye yana kallo, yi haƙuri. Mahaifinsa ya rasu, mata sun cika gida ana zaman makoki, kowacce ta shigo sai ta shafa kansa ta ce "yi haƙuri ka ji", daga nan ta wuce ɗakin manya inda ake ainihin gaisuwar. Kalmar dai mai kyau ce, babu mai musun haka, addini ya yabe ta, Bahaushe ma ya ce ita ce maganin zaman duniya. Amma ina so mu tambayi kanmu tsakani da Allah: in muka ce wa yaro ya yi haƙuri, haƙurin muke koya masa, ko cewa muke ya yi shiru mu samu mu huta?

Bari mu ɗauki abin da ya faru a kan idonmu. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba, 2014, aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na cikin birnin Kano ana shirin tayar da salla, mutane fiye da ɗari suka rasu. Waɗanda suka ji rauni da yawa Asibitin Murtala aka kawo su, nan Ƙofar Mata. Yaran wannan yanki sun ji ƙarar da kunnensu, sun ga ana gudu, sun ga motoci da Adaidaita Sahu suna wucewa da mutane jina-jina. Wasunsu ma tare da iyayensu maza suka tafi masallacin. Manya an yi musu jaje, an yi addu'o'i, an kai gudummawa. Yaran kuwa, mafi yawansu abin da suka samu shi ne "kai, shige ciki" da "kada na ƙara jin kana wannan maganar". Yaron da ke da shekara 6 a ranar, a 2024 ya cika 16. Wa ya taɓa zaunar da shi ya tambaye shi abin da ya gani? Kuma ba sai an kai ga bam ba. Faɗan daba da kan tashi tsakanin samarin unguwanni, ana guje-guje ana rufe ƙofofi, shi ma a kan idon yara ake yinsa.

Muna da wata fahimta cewa yaro ba ya riƙe abu, wai da an ba shi alewa ya manta. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa ba su yarda da mu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana ɗauke da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori kafin shekara 14 suke somawa. Abin da ke ruɗe mu shi ne yaro ba shi da bakin faɗa. Ba zai zo ya ce "Umma, ina cikin damuwa" ba. Jikinsa da halinsa ne za su yi maganar. Wanda ya daɗe da daina fitsarin kwance sai ya koma. Wani ya riƙa firgita cikin barci, wani kullum ciwon ciki ko ciwon kai alhali an auna ba a ga komai ba, wani ya ƙi makaranta, wani ya zama mafaɗaci ba a taɓa shi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya yi tsit, ya koma lungu, ba ya roƙon komai ba ya ƙorafin komai, domin shi ne muke yabo. Shi ne za ki ji ana cewa "wane ai akwai haƙuri, kamar ba yaro ba". To ai matsalar ke nan, 'yar uwa, yaro ne.

Idan muka koma ga waɗanda muka koyi haƙurin daga gare su, ba haka muka same su ba. Annabi Yaƙub (AS) shi ne abin misali wajen kyakkyawan haƙuri, amma ya yi kukan rabuwa da ɗansa Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma da 'ya'yansa suka zarge shi da yawan ambaton Yusuf bai daina ba, sai ya nuna musu cewa wajen Allah yake kai kukansa. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, har Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki, ya kuwa bayyana masa cewa wannan rahama ce. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah da faɗin abin da ba ya so. Baƙin cikin kansa ba a hana shi ba. To in annabawa sun yi kuka kuma haƙurinsu bai ragu ba, daga ina muka samo cewa ɗan shekara bakwai in ya yi kukan uwarsa ya zama marar haƙuri, ko mu ce masa namiji ba ya kuka?

Akwai ƙissar da nake ganin ta fi kowacce dacewa da mu. Anas bin Malik yana da wani ƙaramin ƙane da ake wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaro ya shiga damuwa. Manzon Allah (SAW), da duk nauyin al'umma a kansa, ya lura da fuskar yaron, ya tambayi dalili, sannan ya kira shi da alkunyarsa ya tambaye shi labarin tsuntsun. Ki duba fa, tsuntsu ne kawai. Da a gidajenmu ne, abin da zai ji shi ne "a kan wannan ɗan abin kake ɓata rai? Tashi ka ba ni wuri." Annabi bai raina abin da yaron ya rasa ba, ya buɗe masa ƙofar magana a kai.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce iyayenmu haka suka rene mu, da tsawa da bulala da kawaici, ga mu kuma mun zama mutane, sannan yaran da ake lallaɓawa yanzu su ne sangartattun da ba sa gaida kowa. Sangarta gaskiya ce, kuma cuta ce ga yaron kansa. Sai dai sauraron yaro daban, biye masa daban. Za ki iya jin kukansa har ƙarshe sannan ki ce masa a'a. Batun cewa mun zama mutane kuwa, mu tuna yadda gidajen da muka tashi suke. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa ba ta wasa da shi, gaskiya ne, amma akwai kaka a ɗakinta wadda in an kore ka can za ka gudu ta ɓoye ka ta ba ka ɗumame. Akwai gwaggo, akwai inna, akwai tatsuniyar dare. Kawaicin uwa yana da mai cike gurbinsa. Yau ma'aurata da yawa su kaɗai ne a ɗaki biyu na haya, kaka tana wata unguwa, mun riƙe tsawar mun yar da ɗakin kakar. Sannan ba kowa ne ya tsira ba. A 2018 sai da gwamnatin tarayya ta hana shigowa da kuma sarrafa maganin tari mai kodin saboda yadda matasa suka afka masa, kuma mun san a nan Kano har da 'yan mata da matan aure a ciki. Ba na cewa duk wadda ta sha kodin damuwar ƙuruciya ce ta kai ta, amma mai neman abin da zai gusar da tunaninsa, akwai tunanin da yake gudu.

Wata masaniya a Amurka mai suna Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai a 1955, ta yi ta bibiyarsu har suka kai shekara arba'in. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun tashi cikin talauci da rigimar gida, wasu iyayensu mashaya ne ko masu taɓin hankali. A cikin waɗannan ɗin, kusan kashi ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, masu sana'a da riƙon iyali. Da aka duba abin da ya bambanta su da sauran, babban abin da ya yi ta fitowa shi ne kowannensu ya samu aƙalla babban mutum ɗaya da ya riƙe shi da gaske, sau da yawa ma ba uwa ko uba ba, kaka ce ko gwaggo ko malami. Mu wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Fiyayyen halitta bai ga mahaifinsa ba, mahaifiyarsa ta rasu a Abwa yana da shekara shida, Ummu Aiman ce ta kamo hannunsa zuwa Makka. Kakansa Abdulmuɗɗalib ya riƙe shi har ya kai takwas, daga nan Abu Ɗalib da matarsa Faɗima 'yar Asad suka karɓa, kuma har ƙarshen rayuwarsa yana girmama matan nan biyu kamar uwa. Ke da aka ba ki riƙon 'yar ƙanwarki, da ke da kika tarar da 'ya'yan miji, da malamar Islamiyya mai yara sittin a aji, wataƙila ke ce mutum ɗayan nan ga wani yaro ba ki sani ba.

Duk wadda ta taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, ta ga yadda marini yake yi. Ba ya tsoma zane a karofi ya bar shi ya tafi. Zai tsoma, ya ɗago ya bar shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Zanen da ɗan kore-kore yake fitowa daga ruwan baba, sai iska ta buge shi sannan shuɗin yake kamawa. Wahala ita kaɗai ba ta sa wa yaro juriya, sai in akwai mai ɗago shi ya numfasa tsakanin wannan da waccan. Can gefe kuma akwai masu bugu, suna dukan yadi har ya yi ƙyalli, kuma da alama wasu iyayen a can suka ɗauki darasinsu. Yaro dai ba shadda ba ne.

Abin da ake bukata ba mai tsada ba ne. Ki zauna daidai tsayinsa, ki tambaye shi me ya faru, ki bari ya gama ko da yana in-ina. Ki faɗa masa sunan abin da yake ji: "ka tsorata ko?", "kana kewar Ummanka?" Sannan ki gaya masa gaskiya gwargwadon hankalinsa. Wannan al'ada ta cewa yaro "Babanka ya yi tafiya" alhali an binne shi, tausayi ne ya kawo ta, amma yaron zai yi ta tsaron ƙofa, ran da ya gane kuwa ya rasa uba ya rasa yarda da ke. Manzon Allah (SAW) ya taɓa jin wata uwa tana kiran ɗanta da alkawarin za ta ba shi wani abu, ya tambaye ta mene ne, ta ce dabino, ya sanar da ita cewa da ba ta da niyyar bayarwa da an rubuta mata ƙarya. 'Yan uwanmu ma'aikatan jinya su ma su ji: gara ki ce wa yaro allurar za ta yi zafi kaɗan ta wuce, da ki ce ba zafi. Mu kuma iyaye mu daina yi wa yara barazana da likita. Bayan duk wannan sai ki ce ya yi haƙuri, ki koya masa addu'a. A lokacin kalmar za ta shiga.

Akwai wurin da "a yi haƙuri" take zama zalunci tsagwaronsa. Yarinya ta soma tsoron wani mutum ko wani gida, ta ƙi zuwa aike, ko ta fito ta faɗi cewa an taɓa ta, sai dangi su taru a ce a rufa asiri saboda aurenta nan gaba. Asirin wa aka rufa? Yarinyar ta koyi cewa maganarta abin kunya ce, shi kuma ya koyi cewa babu abin da zai same shi, sai ya nemi ta gaba. A nan Kano akwai Cibiyar Waraka da aka tanada domin waɗanda aka yi wa fyaɗe, ana duba lafiyarsu ana kuma ba su shawara cikin sirri. Saurin zuwa yana da muhimmanci, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake soma shi.

Haka nan in alamun da na ambata suka ɗauki makonni ba sauƙi, ko yaro ya soma jin muryoyi, ko ya ambaci gara ya mutu, abin ya wuce na gida. A yi tofi a yi ruƙiyya, babu wanda ya hana, amma a haɗa da asibiti. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin ɗanki ya haukace. Mun ga inda gudun sunan asibiti ya kai wasu iyaye a watan Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, har da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu suna biyan kuɗi, da niyyar a shiryar da su.

Saura mu kanmu. Uwar da ta kwana da baƙin cikin miji ko na kishiya, ta tashi babu kuɗin cefane, ita ma tun tana ƙarama "yi haƙuri" kawai aka sani a gaya mata, da wane kunnen za ta saurari kukan tsuntsu? Sau da yawa marin da yaro ya sha da safe ba nasa ba ne, na wani ne da ba ta isa ta mara ba. Shi ya sa nake roƙon shugabannin rassanmu, a zaman ta'alimi na mako a ware ko rabin awa ne da mace za ta iya faɗin abin da ke cinta ba tare da an katse ta da nasiha tun ba ta rufe baki ba, kuma abin da aka faɗa a wurin ya tsaya a wurin. A kusan kowane reshe akwai nas ko malamar makaranta, a nemi ɗaya ta riƙa zama tare da su, ta yadda in an ji abin da ya fi ƙarfin zaman za ta san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.