Kuskure Mai Zuwa Ya Tafi, da Mas'alar Sababi

Duk wanda ya taɓa ɗaukar amanar manhajar da ke aika tambayoyi zuwa rumbun bayanai ya san cewa kuskuren da ke zuwa kullum rahama ne, domin yana tsayawa a gabanka ka dube shi, amma wanda zai zo yau, ya ɓace gobe, ya sake leƙowa bayan mako biyu, sa'an nan in ka zauna jiransa ya ƙi zuwa, tamkar zazzaɓin da ke sauka da zarar an isa ƙofar likita, shi ne ke hana ido barci, har ka ji ma'aikaci ya ce, "Ƙaddara ce, a kashe a kunna."

Wannan kalima ta daɗe tana damuna, domin farkonta gaskiya ne, amma an ɗora ta inda ba muhallinta ba.

Na taɓa kula da manhajar wani shagon sari wadda ke ajiye lissafinta a rumbun bayanai na PostgreSQL. Galibi a ƙarshen wata, sa'ad da layi ya kai bakin ƙofa, sai rasit ya ƙi fita. Mai karɓar kuɗi ya yi tsaki, ya sake dannawa, rasit ya fito sumul. Ni kuwa in na gwada da dare, shago ba kowa, sau ɗari babu tangarɗa.

Malamanmu na tauhidi, tun daga Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a cikin Tahafutul Falasifa, har zuwa Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ake karanta littattafansa a zaurukan ƙasar Hausa, sun karantar da cewa sababi ba shi da tasiri da kansa, Allah ne ke halittar ƙuna yayin da wuta ta haɗu da auduga, kuma alaƙar da ke tsakaninsu hukunci ne na al'ada wanda saɓawarsa ta halatta a hankalce. Na yi imani da haka. Sai dai wanda ya riƙe wannan aƙida ya san kuma cewa keta al'ada sha'ani ne na mu'ujiza da karama, ba sha'anin rasit ba ne; saboda haka idan abu ya faru sau casa'in da tara ya ƙi na ɗari, ladabi shi ne mutum ya tuhumi iliminsa, ya ce lalle akwai sharaɗin da ya ɓuya masa, ko wani mani'i da bai lura da shi ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai na koma ga hanyar da malaman usulu ke kira sabru da taƙsimi, wato a jera duk abin da zai iya zama illa, a yi ta zubar da su ɗaya bayan ɗaya da hujja. Ko ƙofofin shiga rumbun ne suka cika, tun da ɗari ne adadinsu in ba a ƙara ba? Na ƙirga, ba su kai rabi ba. Ko layin sadarwa ne ke yankewa? Ba shi ba ne. Na sa manhajar ta riƙa rubuta lokacin kowace tambaya, na haƙura har wata ya ƙare, na gwama da rajistar rumbun.

Ashe ma'aikata biyu ne ke yin cirko-cirko ba su sani ba. Mai sayarwa ya kulle lissafin kaya yana neman asusun mai saye. Mai karɓar kayan da aka maido ya kulle asusun nan yana neman lissafin kayan nan. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya saki. Rumbun yakan saurara daƙiƙa ɗaya, in ya ga babu mafita ya soke aikin ɗayansu. Sharaɗin da ya ɓace mini da dare shi ne mutum na biyu. Da muka wajabta wa ayyukan biyu su riƙa kullewa bisa tartibi guda, asusu tukuna sa'an nan kaya, ciwon ya warke.

Tun 1985 Jim Gray, masanin rumbunan bayanai a Amurka, ya bayyana cewa da yawa daga kurakuran manhaja sukan ɓace in an maimaita aikin. Maimaitawa dabara ce mai amfani, amma ba ilimi ba ce, kuma wanda aka ba amanar dukiyar mutane bai kuɓuta ba matuƙar bai bi sawun illar ba.

Haƙiƙa ƙaddara ce ta haɗa yatsun mutum biyu a daƙiƙa guda. Amma Wanda ya ƙaddara haɗuwar Shi ne ya gudanar da ita bisa sunnar da ake iya ganewa, ya kuma ba mu hankalin binta. A nan tawakkalin ma'aikaci yake: ya buɗe rajista da bisimilla, ya karanta layi bayan layi, yana kyautata zaton cewa Ubangijinsa bai bar ko daƙiƙa ɗaya sakaka ba.