RUFA WA MALAMI ASIRI, KO CIN AMANAR YARA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku samarin Musulmi, da yawanku yau malamai ne, wasu a firamare, wasu a Islamiyya, wasu kuma suna kan hanya. To ga wata tambaya da ya kamata kowa ya san amsarta tun kafin ta same shi: idan malami ya ci amanar yaran da aka damƙa masa, shin kai ƙararsa giba ce? Shin Musulunci ya ce a rufa masa asiri?

Kowa ya san yadda ake yi. Malami ya lalata yarinya, ko ya karɓi kuɗi ya sayar da amsar jarrabawa, ko ya ji wa yaro rauni da bulala. Magana ta fito. Kafin gari ya waye dattawan unguwa sun cika zaure, an tafi kamun ƙafa wurin hedimasta da sakataren ilimi, wai mutum ne mai iyali, kada a raba shi da abincinsa. Ƙarshenta sai a canja masa makaranta, a tura shi ƙauye. Watau an kwashe wuta daga wannan rumbu an kai ta wancan. Ashe yaran ƙauyen ba 'ya'yan mutane ba ne?

Lalle rufin asirin Musulmi yana da lada, hadisi ya tabbatar da haka. Amma malamai sun yi bayani cewa wannan a kan wanda ya yi tuntuɓe tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Wanda sharrinsa ke faɗawa kan bayin Allah, rufa masa asiri taya shi ɓarna ne. Imam Nawawi, a cikin Riyadus Salihina, ya lissafa wurare 6 da ambaton aibin mutum ya halatta, daga ciki akwai kai kukan zalunci ga mai iko, da gargaɗin Musulmi game da mai cutarwa. Ku tuna kuma da matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata. Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya roƙa mata sassauci, Manzon Allah (Sallallahu Alaihi Wasallam) ya yi fushi, ya nuna cewa abin da ya halaka mutanen farko ke nan, su ƙyale babba su hukunta mai rauni. Kamun ƙafar da ake yi a zaurukanmu, me ya raba shi da wannan?

Wani zai ce ai dokokin aikin malanta duk Turawa suka kawo. Wannan rashin karatu ne. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta Adabul Mu'allimina fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Ya iyakance bulala zuwa 3, sai da izinin uba a ƙara, kuma ko da laifi kada ta wuce 10. Ya hana dukan kai da fuska. Ya hana malami ya riƙa aiken yara don biyan buƙatunsa. To ka duba mai tura 'yan aji gonarsa, ko mai sa hannu a rajista da safe ya wuce kasuwa, wata ya yi ya miƙa hannu ya karɓi albashi. Gaskiya ne wani lokaci hukuma kan riƙe albashin malamai, wannan zalunci ne kuma za ta amsa a gaban Allah. Sai dai yaron da ya zauna a aji tun safe babu malami, ba shi ya riƙe kuɗin ba.

A Nijeriya akwai hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda aka kafa da doka ta 31 ta 1993. Tana da kwamitin bincike da kwamitin ladabtarwa, kuma tana da ikon soke sunan malami daga rajista. Doka dai tana nan. Mu ne muke kashe magana tun a zaure, ba ta kai ko'ina ba. Kuma kada wani ya ce wannan ciwon 'yan boko ne kaɗai. Makarantunmu na Islamiyya sun fi cancantar tsanani, domin mai ɓarna a cikinsu da rigar addini yake yi, yaron da ya cuta kuwa yana iya tashi da ƙin karatun Alƙur'ani har abada.

Sa'an nan a kiyaye ɗaya gefen. Suratul Hujurati ta umurce mu da bincike idan labari ya zo, kuma ƙazafi babban zunubi ne. Saboda haka in ka ga abu, kada ka kai shi majalisar shayi ko ka watsa a Facebook. Ka je wurin shugaban makaranta da abin da idonka ya gani, ba ƙari ba ragi. In ya yi rufa-rufa, ka wuce gaba, wurin kwamitin makaranta ko ofishin ilimi, in laifin fyaɗe ne kuwa sai wurin 'yan sanda. A kira malamin a ji ta bakinsa, a ɓoye sunan yarinyar, kuma a dakatar da shi daga shiga aji har a gama binciken, ko da ɗan'uwanka ne da kuke sahu ɗaya a masallaci.