Fuskar Wa Muke Sakawa A Bidiyon Waƙa?

'Yan uwa ɗalibai, duk lokacin da aka ce wasunmu da ke karatun aikin jarida ko shirya fim a Jidda za su ɗauki bidiyon waƙa domin kwas, gardamar da ke tashi ɗaya ce: kiɗa ya halatta ko bai halatta ba, mace za ta fito ko ba za ta fito ba. Ba abin mamaki ba ne. Mun taso da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, kuma ba mu manta korar da MOPPAN ta yi wa Rahama Sadau a 2016 kan bidiyon waƙar ClassiQ ba. Amma akwai wata tambayar da ba kasafai ake yin ta ba, wadda ni a ganina ta fi nauyi.

Jidda ta sauya. Jami'ar Effat ta fara koyar da shirya fim a 2013, an sake buɗe gidajen sinima a Saudiyya a 2018, sannan a 2021 aka fara bikin fina-finai na Red Sea a tsohon gari, wato Al-Balad. Yau ɗalibi da kyamara a hannu ba abin kallo ba ne. To ina zai nufa? Al-Balad mana, mai tagogin katako da lunguna, ko Bab Makka inda kasuwa ke ci. Idan kuwa Bahaushe ne, idonsa zai faɗa kan 'yan uwanmu Takari, musamman iyayenmu mata masu kasa kaya a gefen hanya. Hoton zai yi kyau, malami zai yaba.

Sai dai wasu daga cikinsu ba su da igama. Tun kamen 2013 da kuma gangamin 2017 na fitar da marasa takardu, kowa ya san inda hanyar take ƙarewa: tarhil, sai jirgi. Daƙiƙa uku na fuskarta a YouTube, da alamar lungun da take zama, maki ne a wurin ɗalibi, a wurinta kuwa abincin 'ya'yanta ne. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga mai keta sirrin mutane da kyamarar waya. Amma wadda ke gudun askarawa, wa za ta kai wa ƙara?

Wani zai ce ai sai a nemi izininta. Haka ne, sai dai a duba irin iznin. Ka durƙusa ka ce, "Baba, sannu da aiki, aikin makaranta ne." Ta ji Hausa a bakin yaro mai ladabi, kunya ba za ta bar ta ta ce a'a ba. Ita ta ɗauka malami ne kaɗai zai gani. Harshen da ya buɗe maka ƙofa shi ne ya ɗaure mata baki, don haka alhakin da ke kanka ya fi na Balaraben da kuke aji ɗaya.

Ɗaya ɓangaren ma yana da hujja, kuma ba na raina ta. Hausawa sun daɗe suna isowa Hijaz, wasu da ƙafa ta Sudan, ciki har da waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903. Bidiyon Jidda da aka share su daga ciki bai faɗi gaskiya ba, kuma idan mu ba mu nuna su ba, wa zai nuna?

Amma nuna al'umma daban, tona asirin mutum guda daban. Ana iya ɗaukar hannu da faranti da muryar ciniki ba tare da fuska ba. 'Yar ajinku mai cikakkun takardu na iya yafa mayafi ta zauna a wurin. Idan kuwa lallai sai fuskar Baba, a faɗa mata tun farko cewa zai hau intanet, a koma a nuna mata a waya kafin a miƙa wa malami, idan ta yi shiru ko ta kau da kai a yanke wurin.