Ranar Da Kifi Ya Ƙi Ci

A jihar Montana ta Amurka, cikin watan Janairu, akan iske mutum tsaye a kogin Madison, ruwa iya gwiwa, dusar ƙanƙara ta rufe gaɓa. Fatsa yake yi, amma babu tana a ƙugiyarsa. Ɗan gashin tsuntsu ya ɗaura da zare ya siffanta shi kamar ƙwaro, yana jefawa don ya yaudari wani kifi da suke kira tirawut. Ruwan da ke bin igiyar yakan daskare a zobban sandar, sai ya tsaya ya ɓamɓare da yatsa. Sau da yawa haka zai wuni, ya koma gida hannu rabbana.

Dalili kuwa sananne ne. Ɗumin jikin kifi yana bin na ruwan da yake ciki. Idan sanyi ya kai wajen digiri 4, jikinsa yakan mutu, abinci ya daɗe bai narke ba, sai ya sauka gurbi mai zurfi inda ruwa ke tafiya a hankali, ya lafe. Ba zai ɓata ƙarfinsa yana bin loma ba. Ƙwarin da ya saba ci ma sun yi wuya, sai wasu mitsi-mitsi masu kama da sauro.

Mun tashi muna jin cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. To, wannan mutumin da ke tsaye cikin ƙanƙara, haƙuri yake yi ko taurin kai?

Mu ɗauki mutum biyu a kogi ɗaya. Na farko ya zo da sassafe, ya tsaya inda ruwa ke gudu, yana jefa babban ƙwaron da ya kama masa kifi lokacin zafi. Ya jefa sau ɗari, ya ƙara ɗari, yana ce wa kansa mahaƙurci mawadaci. Na biyu ya bari sai rana ta take, ruwa ya ɗan sassauta. Ya nemi gurbi, ya canza zuwa ƙwaro ƙarami, ya ƙara masa nauyi don ya nutse, ya bar ruwa ya kai shi har bakin kifin. Yana yiwuwa dukansu su tashi ba komai. Amma na farko jira yake kogi ya bi son ransa, na biyu kuwa ya karanta kogin ya gyara kansa. A ganinmu na biyun ne ya cancanci sunan mai haƙuri.

Mun san irin wannan a gidajenmu. Uba yana ta maimaita faɗa iri ɗaya ga ɗan da ya daina magana da shi, shekara da shekaru, yana cewa ya gaji da haƙuri, alhali bai taɓa zama ya tambayi yaron abin da ke damunsa ba. Ɗan kasuwa yana gadin hajar da mutane suka daina nema, yana jiran sa'a. Jira kaɗai ba ya dafa dutse. Kuma ko an yi komai daidai, akwai ranar da dutsen ba zai dahu ba, domin kogi bai ci bashin kowa ba.

Wani zai ce mana: ai wannan Ba'amurke a ƙoshe yake. Ko ya kama, sau da yawa sakin kifin yake yi ya koma ruwa. Gaskiya ne. Masuncin Tafkin Chadi da ya dawo da koma babu komai, yara na jiran tuwo, ba nishaɗi ya je yi ba. Saboda haka mu ji kunyar yi wa mai yunwa wa'azin haƙuri da cikakken ciki. Sau nawa muke cewa "yi haƙuri" don kawai mu sallami wanda ya kamata mu taimaka wa?

Duk da haka akwai abin da ya rage a hannun mutum ko da ranar ta ƙi. Wani nau'in tirawut yana zuba ƙwai da kaka a cikin tsakuwar rafi, ƙwan ya kwana nan duk tsawon sanyi. Mai fatsa da ya san aikinsa yana lura da inda yake taka ƙafa, yana kewaye wuraren nan, komai haushin da yake ji. Wanda takaici ya rufe wa ido kuwa yakan tattake kifin baɗi don na yau ya ƙi ci.

A nan ake gane mu. Samu da rashi ba a hannunmu suke ba. Abin da za a tambaye mu shi ne, a ranar da muka rasa, me muka tattake a hanyarmu ta komawa gida?