Tafi da Dariya: Hakkin da Ke Kan Ɗan Kallo

A biranen Birtaniya akwai wani irin mutum wanda mako ba ya wucewa ba tare da ya leƙa wani ƙaramin ɗaki inda ake kiɗa ko barkwanci ba. Ɗakin da ƙyar yake ɗaukar mutum ɗari biyu. Mawaƙan da ke ciki ba wani babban kamfani ne ya ɗauke su ba. Masu zaman kansu ne, waɗanda Turawa ke kira 'yan indi, su ne ke tsara waƙarsu, su kuma ke ɗaukar kayan kiɗansu a ka. Mai barkwancin kuwa shi kaɗai yake tsayawa gaban jama'a da makirufo a hannu, ba shi da abin dogara sai bakinsa. Wannan masoyi ya san sunayensu tun duniya ba ta san su ba, yana kuma ba da labarinsu da zafi kamar 'yan'uwansa ne.

Tambayar da ta cancanci tunani ita ce: mutumin nan ɗan kallo ne kawai, ya biya kuɗinsa, ya sha dariya, ya koma gida ba shi da alhakin kome? Ko kuwa yana da hannu cikin abin da aka faɗa da abin da aka rera? Tarihin waɗannan ƙananan ɗakuna ya nuna cewa hannunsa dumu-dumu yake a ciki, ga alheri ko ga mugunta.

Masoya ne ke ɗaga mai waƙa

A watan Janairu na shekarar 1977, wasu samari na birnin Manchesta masu suna Buzzcocks suka ranci kimanin fam 500 daga dangi da abokai, suka buga ƙaramin faifai mai waƙoƙi huɗu da suka kira Spiral Scratch. Kwafi 1,000 suka fara bugawa. Ba su da kamfanin da zai yi musu talla, amma faifan ya ƙare, aka sake bugawa har ya kai wajen kwafi 16,000. Wannan ya buɗe wa matasa da yawa ido, suka gane cewa mutum zai iya fitar da waƙarsa ba sai ya jira izinin manya ba.

Bayan kusan shekara talatin aka sake ganin irin haka. Arctic Monkeys, 'yan birnin Sheffield, sun fara wasa gaban jama'a a 2003. Sukan raba waƙoƙinsu kyauta a faifan sidi ga waɗanda suka zo kallo, masoya kuma suka riƙa yaɗa su ta intanet. Da faifansu na farko ya fito a Janairu 2006, an sayar da fiye da kwafi 360,000 cikin mako guda, abin da babu wani sabon mawaƙi da ya taɓa yi a ƙasar kafin lokacin.

A duka labaran biyu, ba attajiri ne ya zaɓi wanda zai yi suna ba. Talakawan masu sauraro ne suka zaɓa, da ƙafafunsu da aljihunsu da bakinsu. To, wanda yake da ikon ɗaga mutum, ba zai ce ba ruwansa da irin mutumin da ya ɗaga ba. Iko da alhaki tare suke tafiya.

Dariya hukunci ce

A fagen barkwanci maganar ta fi fitowa fili. A shekarun 1970, yawancin barkwancin da ake nunawa a talabijin na Birtaniya, kamar shirin The Comedians da aka fara a 1971, cike yake da ba'a ga mutanen Ailan, da baƙaƙen fata, da 'yan Pakistan, da surukai mata. Miliyoyin mutane suka kalla, suka yi dariya, domin haka masu barkwancin suka ci gaba. Mai barkwanci ɗan kasuwa ne mai kunne: abin da ya jawo dariya yau, gobe zai sake kawo shi, abin da aka yi masa shiru a kai, zai jefar.

A watan Mayu na 1979 aka buɗe wani ƙaramin gidan barkwanci a unguwar Soho ta Landan, mai suna The Comedy Store. A can akwai wani faifan ƙarfe mai kama da kuge. Idan jama'a suka gaji da mai magana, sai su yi ta ihu har a buga shi, mutumin ya sauka. Alexei Sayle ne ya fara jagorantar dandalin. Shi da abokansa irin su Tony Allen suka yi suna da ƙin barkwancin da ke wulaƙanta mutum saboda launin fatarsa ko domin ita mace ce. Ba tsarkaka ba ne. Bakinsu yana da kaushi, wurin kuma ba na yara ba ne. Duk da haka, cikin 'yan shekaru irin barkwancinsu ya shiga talabijin, tsohon salon kuma ya fara ja da baya. Ba majalisa ce ta kafa doka ba. Masu sauraro ne suka daina ba da dariyarsu ga abin da dā suke yi wa tafi.

Daga nan ake gane cewa dariya ba iska ce kawai da ke fita daga baki ba. Shaida ce. Duk wanda ya ƙyalƙyale da dariya sa'ad da ake kwaikwayon mai i'ina ko gurgu, ya faɗa wa mai barkwancin cewa ya ƙara, ya kuma faɗa wa mai i'inar da ke zaune a kujerar baya cewa ba shi da mai tsaya masa a ɗakin nan. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

"Ai wasa ne"

Wani zai ce wannan tsanani ya yi yawa. Dariya takan kufce wa mutum kafin ya yi tunani, kuma barkwancin da ba ya taɓa kowa kamar miya ce ba gishiri. Akwai gaskiya cikin wannan. Mai barkwanci na ƙwarai yakan faɗi abin da sauran mutane ke tsoron faɗa, ya fallasa girman kai na masu mulki, ya sa mutum ya ga wautar kansa ba tare da ya ji haushi ba. Al'ummar da ta hana kowace irin zolaya ta rufe wa kanta wata ƙofar gyara.

Amma ba kowace zolaya ce ɗaya ba, mai karatu kuma ya san wannan daga gida. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko tsakanin taubasai, ko jika da kaka, yana da kaifi ƙwarai, amma yana da ƙa'ida: kowane ɓangare yana da bakin ramawa, kuma ana tashi zumunci ya ƙaru. Wannan ma'auni yana aiki a Landan kamar yadda yake aiki a ko'ina. Wanda ake yi wa ba'ar, da yana wurin, zai iya yin dariya tare da jama'a? Yana da damar ramawa? Ko kuwa mutum ne wanda duniya ta riga ta danne, aka zo ana ƙara masa kaya?

Game da dariyar da ke kufcewa kuwa, gaskiya ne mutum ba ya mallakar ta farko. Amma yana mallakar tafin da ke biye da ita, da tikitin mako mai zuwa, da hoton bidiyon da zai tura wa abokai. A nan ne lamiri yake da wurin magana.

So hana ganin laifi

Jarabar da ta fi damun masoyi ita ce ya rufe ido ga laifin gwaninsa. A watan Agusta na 1976, shahararren makaɗin jita Eric Clapton ya tsaya a dandali a Birmingham, ya yi maganganun ƙyamar baƙi, yana goyon bayan a kore su daga ƙasar. Abin mamakin shi ne, kiɗan da ya ba shi suna daga baƙaƙen Amurka ya koye shi. Wasu masu sha'awar kiɗa, cikinsu har da Red Saunders da Roger Huddle, suka rubuta wasiƙa zuwa jaridun waƙa suna tsawata masa. Daga wasiƙar nan aka haifi ƙungiyar Rock Against Racism, wadda ta tara dubban mutane a filin Victoria Park na Landan a watan Afrilu 1978. Shekaru da yawa bayan haka Clapton ya bayyana kunyarsa a kan abin da ya faɗa.

Mutanen nan ba maƙiyan kiɗa ba ne. Ƙaunar kiɗan ce ta hana su yin shiru. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Masoyin da ba ya iya cewa "a'a" ga gwaninsa ya tashi daga ƙauna ya shiga bauta, kuma ya cuci gwanin, gama mutumin da kowa ke yi wa tafi a kan kome ba ya daɗewa bai lalace ba.

Yaba kyauta tukwici

Akwai hakki na uku, wanda ya fi sauƙin mantawa: mai waƙa yana da ciki. Yau ana sauraron waƙa ta waya kusan kyauta, abin da ke kaiwa ga ƙaramin mawaƙi kuwa kaɗan ne. Daga 2024 kamfanin Spotify ya daina biyan kome a kan waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 cikin shekara ba. Ƙananan ɗakunan ma suna shan wuya. Ƙungiyar Music Venue Trust, wadda aka kafa a 2014 domin kare su, ta ba da rahoton cewa a 2023 kaɗai wurare 125 a Birtaniya sun rufe ko sun daina shirya kiɗa. A 2024 mawaƙan Coldplay, waɗanda su ma a irin waɗannan ɗakuna suka fara, suka yi alkawarin ba ƙungiyar kashi 10 cikin ɗari na abin da za su samu daga wasanninsu na Landan da Hull a 2025.

Mutumin da ke alfahari cewa ya san mawaƙi tun ba a san shi ba, amma kullum yana neman hanyar shiga kyauta, yana cin gumin wani ne da sunan ƙauna. Haka nan wanda ke juya wa mawaƙin baya ranar da ya yi suna, yana cewa ya lalace, ya kamata ya binciki zuciyarsa. Wani lokaci zargin gaskiya ne. Sau da yawa kuwa abin da yake so tun farko shi ne a ce ya fi sauran mutane sani. Da asirin ya zama na kowa, sai sha'awar ta mutu. Mai ƙauna ta gaskiya yakan yi murna in maƙwabcinsa ya samu ci gaba.

Ga iyaye da 'ya'ya

Iyaye da yawa, in suka ga ɗa ko 'ya sun ƙwallafa rai ga wani mawaƙi ko mai barkwanci, sukan bi ɗaya cikin hanya biyu: su hana baki ɗaya, ko su kau da kai. Damuwarsu tana da dalili, domin da yawa cikin wuraren nan mashaya ce, ba kowane dare ne kuma ya dace da matashi ba. Amma hani kawai ba ya koya wa yaro rarrabewa, kau da kai kuma yana barinsa ya koya daga taron jama'a.

Abin da ya fi amfani shi ne uba ko uwa su zauna su saurara tare da yaron, sa'an nan su yi tambaya cikin natsuwa: wa aka yi wa dariya a nan, kuma me ya yi? Mai waƙar nan ya samu wani abu daga jin daɗin da aka ji? In gobe ya faɗi abin da bai dace ba, akwai ƙarfin halin ƙin tafa masa? Yaron da ya saba amsa waɗannan tambayoyi a gida zai iya zama cikin ɗaki cike da mutane masu ƙyalƙyala dariya, ya ji daɗin abin da ya cancanci jin daɗi, ya kuma riƙe hannuwansa sa'ad da ake wulaƙanta wani.