Shin Gandun Daji Ƙasar Banza Ce?

Duk wanda ya tashi a Birnin Kabi ko Argungu ya san jirgin ƙasa labari ne a wurinmu. Hanyar da Turawa suka shimfiɗo daga Zariya ta tsaya cik a Ƙauran Namoda tun 1929. Shinkafar fadamarmu da albasar Aliero da busasshen kifin Yawuri duk a bayan manyan motoci suke fita, kuɗin mota kuwa ya lashe ribar manomi. Saboda haka da aka aza harsashin hanyar Kano zuwa Maraɗi a 2021, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2, Kabawa da yawa suka ce, to, mu fa? Ni ma ina cikin masu wannan buri. Amma akwai tambayar da ya kamata mu yi tun ranar ba ta zo ba, watau ta ina hanyar za ta bi?

Mai zana hanya yana son gandun daji, dalilinsa kuwa a fili yake. Babu gidan da zai rushe, babu gonar da zai biya diyyarta, babu mai unguwar da zai kai ƙara. A takarda wannan ita ce araha. To, amma ashe dajin ba shi da masu shi? Bafillace yana kiwo a gefensa, mata suna tsintar kalwa da kaɗanya, mai magani yana sassaƙe, itatuwan kuma suna tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. Waɗannan duk ba su da takardar mallaka, don haka asararsu ba ta shiga lissafi. Kuɗin da gwamnati ta ce ta rage, su ne suka biya, ba tare da an shawarce su ba. A ganina wannan zalunci ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Kenya ta ɗanɗana wannan. Da bashin ƙasar Sin ta buɗe hanyar Mombasa zuwa Nairobi a 2017, sannan aka ratsa da ita ta gandun namun daji na Nairobi bisa dogayen ginshiƙai, duk da ƙarar da masu kare daji suka kai kotu. Daga baya sai da gwamnati ta tilasta wa 'yan kasuwa ɗora kayansu a jirgin don a sami na biyan bashi, har aka soke wannan umurni a 2022. An taɓa dajin, arahar kuma ba a gan ta ba.

Mu kanmu ba baƙin irin wannan lissafi ba ne. Da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, an ƙidaya kadadar da za a yi wa ban ruwa, aka manta da manoman fadama da masuntan da ke ƙasan gulbi, waɗanda ambaliyar shekara ce abincinsu. Abin da ya sami manoman da suka nemi haƙƙinsu a 1980 kuwa, dattawa ba su manta ba.

Abin mamaki, magabatanmu sun riga mu tunani a nan. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ta'alimur Radi a kan hukuncin ƙasar da ba a raya ba, kalmar hurumi kuma tana bakinmu har yau: fili ne da ba na kowa ba domin na kowa da kowa ne.

Mai karatu zai ce, to, a fasa jirgin ke nan? A'a. A kewaye dajin in da hali, kuɗin kewayen kuma a sa shi cikin kuɗin aiki tun farko. Dokar 1992 ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli, a baje rahoton jama'a su gani. Sai dai da Turanci ake rubuta shi, a ajiye a ofis. A karanta shi da Hausa da Fillanci a rediyo da ranar kasuwa, a kira arɗo da Sarkin Ruwa su faɗi tasu tun ba a kafa turke ko ɗaya ba.